Sharaɗi na Uku na Injiniya Mudassir

Mudassir ɗan Gaya ne, haifaffen unguwar da ke bayan kasuwa, kuma tun yana ƙarami Allah Ya yi shi da son yin kyauta. Ba a taɓa jin wanda ya kira shi marowaci ba. Abin da dai aka lura da shi, wanda ya karɓi kyautarsa sau ɗaya ba ya marmarin ta biyu.

Ya taɓa ba wa wani abokinsa hula sabuwa fil, ana gobe salla. Daga ranar bawan Allahn nan bai ƙara sakewa ba. In ya karkata ta hagu, Mudassir ya ce ba haka ake sa ta ba. In ya wanke ta, ya tambaye shi da wane sabulu. In ya fito babu ita, ya tare shi a bakin masallaci ya ce ko ta ɓata ne. Wata uku ya jure, rannan ya naɗe ta a takarda ya mayar masa har gida, ya gwammace rana ta gasa masa ƙeya. Mudassir ya karɓa yana girgiza kai, ya ce mutanen yanzu ba su san alheri ba. Shekararsa goma sha huɗu a lokacin.

Da ya girma ya buɗe shagon kwamfuta a bakin titin tasha, inda ake buga takardu, a cike fom, a zuba wa mutane karatu da wa'azi a waya. Ya ajiye randa a ƙofar shagon, sadaka ga masu wucewa. Ruwan da sanyi, wannan ba a musu. Amma moɗar a ɗaure take da sarƙa, sarƙar kuma ba ta kai kamu biyu ba, don haka duk mai sha sai ya durƙusa. In ya durƙusa kuwa idonsa a kan wani allo yake sauka, an rubuta da jan fenti: Sadakar Injiniya Mudassir. Injiniyan nan ba wata makaranta ce ta ba shi ba. Wata tara ya yi a Kano yana koyon kwamfuta, ya dawo da jakar goyo da tabarau marar magani, ya raɗa wa kansa sunan, ya kuma daina amsawa in an kira shi babu shi.

A ba shi haƙƙinsa, yana da kai. Hannunsa ya faɗa a kan na'ura, ya iya rubuta manhaja, wato ɗan abin nan da ake sa wa waya ta riƙa yin wani aiki. Abu ɗaya yake so a duniya, ba dukiya ba, ba sarauta ba: ya ji sunansa a bakin mutanen da bai taɓa gani ba. Yana zaune a shago yana lissafin yadda za a yi wani manomi a can ƙarshen Ajingi, wanda bai san hanyar Gaya ba, ya buɗe baki ya ce Injiniya Mudassir.

Hanyar da ya samo ita ce ta taurari. Manoman ƙasar nan tun kakanni suna da lissafin da suke bi, taurari ashirin da takwas, kowanne da kwanakinsa goma sha uku, ana sanin wanda in ya shigo ruwa ya zauna a yi shuka, da wanda in ya shigo an makara. Ba kowa ya riƙe lissafin ba. A duk yankin wanda ake zuwa tambaya shi ne Malam Kabo na Gafasa a ƙasar Ajingi, tsohon malamin allo, wanda ya gaji abin daga mahaifinsa. Mudassir ya hau babur ya tafi.

Kwana uku ya yi a zauren Malam. Aka ba shi tabarma, aka ba shi tuwo da man shanu, Malam ya zauna ya zayyana masa sunayen taurari ɗaya bayan ɗaya, da abin da kowanne yake zuwa da shi. Da Mudassir ya tambayi ranar da kowanne zai shigo, Malam ya faɗa masa yadda abin ya kama a wannan shekarar, da kwanan watan Musulunci, tunda da shi yake ƙirga kwanakinsa. Mudassir ya rubuta tsaf. Da zai tafi ya ce, "Allah gafarta Malam, me zan bayar?"

Malam ya ce, "Ni ma ba saya na yi ba. Ka dai faɗa wa mutane daidai."

Cikin wata biyu manhaja ta fito. Magana take yi da murya, saboda manoman da ba su karanta boko ba. Ka danna, ta faɗa maka tauraron da ake ciki da kwanakin da suka rage masa. Abu mai kyau. Sai dai kafin ta faɗa, sai ta yi gaisuwa, gaisuwar kuma muryar mai ita ce: "Assalamu alaikum manoma. Injiniya Mudassir ne ke magana daga birnin Gaya, ɗan marigayi wane, jikan wane, wanda ya sadaukar da lokacinsa da basirarsa..." haka take tafiya har ta zo kan yadda ya sha wahalar hanya zuwa Gafasa. Sunan Malam Kabo yana can ƙarshe, a gurguje, kamar mai tsoron a ji. Ba a iya tsallake gaisuwar. Manoma suka gano dabara: ka danna, ka ajiye wayar a kan dakali, ka je ka yi alwala, kana dawowa daidai tana faɗin tauraro.

A Kano ya ji samari masu wannan sana'a suna maganar wata irin manhaja da suke kira 'yantacciya. Ita wannan, in ji su, kowa yana da ikon ya yi amfani da ita, ya kwafa ya ba wa wani, ya buɗe cikinta ya ga rubutun da aka gina ta da shi, ya gyara abin da bai yi masa ba, ya kuma raba gyararren. Kalmar ta yi wa Mudassir daɗi a baki. Ya dawo ya sa aka rubuta a bangon shago: Mai 'Yantacciyar Manhajar Manoma. Ya saki rubutun cikin nata kowa ya gani. Sannan ya zauna ya rubuta mata lasisi, takardar da ke faɗin abin da aka yarje maka da abin da aka hana ka, wadda ke fitowa ranar farko ka danna ka ce ka yarda.

Farkon takardar kamar wa'azin Juma'a, duk kyauta da son al'umma. A ƙasa aka jera sharuɗɗa ga mai son gyara. Na farko, wanda ya gyara ya canza wa tasa suna. Na biyu, ya ambaci cewa daga ta Injiniya Mudassir ya samo, kuma kada ya taɓa gaisuwar. Na uku, kada ya ba wa kowa gyararren, ko da matarsa ce, sai ya kawo shi shago da ƙafarsa, Injiniya ya duba, ya amince, ya sa hannu. Randa ce dai ya sake ajiyewa, ya rage wa sarƙar tsawo.

Kusan ba wanda ya karanta. A ƙasar da ake tura fim daga waya zuwa waya ba a tambayi uban kowa ba, wa zai tsaya karanta takarda? Kowa ya danna ya wuce.

Shekarar farko lissafi ya fito daidai, aka yi ta sa masa albarka. Mutane suka daina hawa babur zuwa Gafasa, tunda ga Malam Kabo a aljihu. Malam ɗin ma ido ya fara yi masa nauyi, ya rage fitowa zaure. Shekara ta biyu waya ta yi gaggawa da kwana goma sha ɗaya, amma Allah Ya rufa asiri, ruwa ya sauka da wuri, ba wanda ya lura.

Abin da Injiniya ya yi, ko tsohuwar da ba ta taɓa riƙe alli ba ba za ta yi shi ba. Ya ɗaure taurari a jikin kwanan watan Musulunci na shekarar da ya je Gafasa, ya kulle su a can. Duk wanda ya yi shekara talatin yana azumi ya san ya yi shi a sanyi, ya yi shi a zafi, ya yi shi yana noma. Wata yana zagayawa, damina tana nan inda take. Shi mai tabarau wannan bai faɗo masa ba.

Shekara ta uku gaggawar ta kai kwana ashirin da biyu. Aka yi wani ɗan yayyafi, ƙasa ko jiƙar kirki ba ta yi ba, waya ta gama gaisuwarta ta ce Haƙa'a ta shigo, tauraron da ake jira don shuka. Tsofaffi suka dubi sama suka ce a'a. Wasu kuwa suka bi waya. A cikinsu akwai Tukur, wani manomi a Ajingi, mai 'ya'ya bakwai da gona ɗaya. Ya kwashe irin geron da ya ɓoye, irin da gidansu ke ajiyewa tun zamanin kakansa, ya zuba a ƙasa gaba ɗaya. Ya tsiro kore shar. Sai sama ta ɗauke ƙafa sati uku. Rana ta ƙone shi har saiwa.

Tukur ya zo shago ranar kasuwa. Bai sha ruwan randa ba. Ya ajiye wayar a kan tebur ya ce, "Injiniya, ga kakanka da babanka na kawo maka. Sun gaishe ni, sun ci min iri."

Mudassir ya gyara tabarau. "Malam Tukur, ai ruwa na Allah ne. Na'ura ba ta kuskure. Canjin yanayi ake ciki, duk duniya ana maganarsa."

"To canjin yanayin nan a gonar masu waya kaɗai ya sauka? Maƙwabcina Bappa ko rediyo ba shi da ita, geronsa ya kai gwiwa."

"Ka karanta lasisi? An rubuta a ciki, mai amfani shi ke ɗauke da alhakin kansa."

Tukur ya miƙa hannu kan tebur. Ya ɗauki wayarsa ya ce, "Allah Ya ƙara basira," ya fita. Mudassir ya amsa da amin, don shi duk abin da ya yi kama da yabo ba ya barin ya faɗi ƙasa.

Mutum ɗaya ce tak a duk ƙasar ta karanta lasisin nan daga sama har ƙasa, ita ce Naja'atu, 'yar Malam Kabo. Malamar Islamiyya ce a Gafasa, ta kuma yi karatun kwamfuta a Wudil kafin ta yi aure. Da ta ji ana cewa lissafin babanta ya ƙone wa mutane iri, ta ƙudura sai ta gano dalili. Bayan an yi girbi ta buɗe cikin manhajar a tsohuwar kwamfutarta, ba ta yi sati ba ta ga ɓarnar. Ta zauna da babanta, ta mayar da taurari kan shekarar rana inda suke, ta gwada da shekaru goma na baya da Malam ya riƙe a ka, duk suka fito daidai.

Da wata ce da ta tura wa mutane kawai, Injiniya ya je ya kai ƙara inda zai kai. Ta faɗa wa babanta haka. Malam ya ce, "Da kika danna kika ce kin yarda, dole aka yi miki?"

"A'a, Baba."

"To alkawari ne. Ki je ki nemi izininsa."

Ka ji yadda abin yake. Sharaɗin bai kama masu kwafar fim ba, bai kama ɓarawo ba, sai mutum ɗaya mai tsoron Allah da ta zo yin gyara.

Ta hau mota zuwa Gaya, ta yi sallama a shago, ta zauna a benci har ya gama da masu fom. Ta ce, "Malam Mudassir, gyara na kawo."

"Injiniya," in ji shi.

"Injiniya. Lissafin yana zamewa kwana goma sha ɗaya duk shekara. Baɗi wata guda zai zame. Ga shi na gyara, na canza mata suna kamar yadda ka ce, gaisuwarka ma tana nan ban taɓa ba. Hannu kawai za ka sa."

Ya buɗe ya duba. Yana da kai, an faɗa, don haka kafin ya kai ƙasan shafi ya gane gaskiyarta. In ya sa hannu, ya yarda kenan shi ya ƙone geron Tukur, kuma mace ce ta zo daga ƙauye ta nuna masa. Ya rufe kwamfutar a hankali.

"Malama, kin yi ƙoƙari. Mata ma yanzu suna taɓukawa. Ki bari kwamiti ya duba."

"Wane kwamiti?"

"Na tantancewa."

"Su wane ne a ciki?"

"Ni ne shugaba," in ji shi, bai ƙara ba, don babu wani bayan shugaban.

Sau huɗu tana zuwa a cikin ranin nan. Rannan kwamiti bai zauna ba. Rannan babu wuta. Rannan Injiniya ya tafi ɗaurin aure. A zuwa na huɗu ya ce zai iya dubawa in ta yarda a ce shi ya gano kuskuren da kansa, ita ta taya shi bugawa. Ta ce ba za ta yi ƙarya ba, amma ba ta damu a ambaci sunanta ba, a dai gyara kafin ruwa. Ya ce to kwamiti zai duba wannan ma.

Ana cikin haka babbar dama ta zo masa, irin wadda ya daɗe yana mafarki. Wata ƙungiyar samari masu rubuta manhaja a Kano ta shirya tattara manhajojin da za su amfani manoma, a zuba a katin ajiya na waya, wato memori, a raba wa ƙungiyoyin manoma a ƙananan hukumomi da dama. Sharaɗinsu ɗaya, sai 'yantacciya. Suka ji labarin ta taurari, suka turo wani mai suna Abdulsalam ya zo ya gani. Mudassir ya sa aka wanke shago, aka sake wa allon randa fenti, ya ɗinka sabuwar shadda. A ransa har ya ji gaisuwar nan tana tashi a garuruwan da bai taɓa takawa ba.

Abdulsalam siriri ne marar hayaniya. Ya sha lemon da aka ba shi, ya karanta lasisin sau biyu, ya ce, "Injiniya, aikin ya yi kyau. Amma wannan ba 'yantacciya ba ce."

"Kamar yaya? Ko sisi ba na karɓa. Ga cikinta a buɗe. Na ce kowa ya gyara."

"Ka ce kowa ya gyara ya ajiye a ɗakinsa. Ka ga na farkon nan, a canza suna, ba mu da ja, don kada wani ya ɓata abu a ce kai ne. A ambace ka a matsayin wanda ya fara, wannan haƙƙinka ne, mu ma za mu tsaya maka. Gaisuwar da ka ce kada a taɓa, da magana a kanta, don ka hana gyara wani sashe kenan, amma a bar ta tukuna. Na ukun nan shi ne ya rushe komai."

"Tsari ne. Ba ka son tsari?"

"In wani a wani ƙauye ya ga kuskure ya gyara, ruwa ya cinye hanya, ya zai yi?"

"Ya jira ruwa ya janye."

"In ka yi tafiya?"

"Ya jira na dawo."

"In kuna gaba da shi?"

"Ni ba na gaba da kowa."

"In ka mutu fa, Injiniya?"

Mudassir ya ɓata rai ya ce wannan wace irin magana ce a shagon mutum da safe. Abdulsalam ya ce ba fata yake yi ba, tambaya ce, don abin da sai da izinin mutum ɗaya yake motsi, ranar da mutumin ya kwanta shi ma ya kwanta. Ya ce, "Layi ɗaya ne. Ka goge shi yanzu, gobe ta shiga kati da sunanka a kai."

Ga biro a tebur, ga kwamfuta a buɗe. Abin da ya nema tun yana yaro yana tsaye a bakin ƙofa. Amma Mudassir ya hango wani can da bai sani ba yana buɗe manhajarsa yana taɓawa, yana ba wa wani, ba a zo an durƙusa ba. Ya fara ciniki kamar mai sayar da akuya. To a bar zuwa da ƙafa, a kira shi a waya. Abdulsalam ya ce izini ne dai. To a turo masa saƙo, in ya yi shiru wata uku an yarda. Abdulsalam ya ce wata uku ai damina ce guda. To a cire sharaɗin ga mutanen Kano, a bar shi ga na ƙauye, tunda su ba su san kan abin ba.

Abdulsalam ya miƙe ya gode da lemo. A bakin ƙofa ya juyo ya ce, "Af, na ji an ce lissafin yana zamewa. Gaskiya ne?"

"'Yan hassada ne," in ji Injiniya.

A tasha Abdulsalam ya yi tambaya a kan zamewar, aka ba shi labarin 'yar Malam Kabo da gyaranta, aka nuna masa motar Ajingi.

Abin da ya faɗa wa Naja'atu a zauren Malam Kabo gajere ne. Rubutun Mudassir nasa ne, sharaɗinsa yana kansa. Amma taurari ba nasa ba ne, lissafin ma ba nasa ba ne. In ta ajiye nasa gefe ta fara nata daga fari, ba ta ɗauki ko layi ɗaya ba, ba ta karya alkawarin kowa ba. Ta dubi babanta. Malam ya ce, "Ni dai ban tuna na sayar masa da sama ba."

Sati shida ta yi, tsakanin makaranta da girki. Tata ba ta da gaisuwa. Ka danna, muryar Malam Kabo ta yi sallama ta faɗi tauraro, ta ƙara da cewa a dubi ƙasa a dubi sama kafin a zuba iri, don lissafi ba ya saukar da ruwa. Lasisinta bai cika rabin shafi ba: ka yi amfani, ka raba, ka gyara, ka raba gyararren, ka dai canza suna ka faɗi inda ka samo. Ta shiga kati kafin ruwan fari. Mutane ba su ma riƙe sunan da ta sa mata ba, ta 'yar Malam kawai suke cewa.

A wannan shekarar manhajar Injiniya ta sanar da shigowar Haƙa'a ana tsakiyar zafin bazara, ko gajimare babu. Masu shayi a bakin tasha suka riƙa kunna ta don nishaɗi.

Abin da ya fi ci masa rai, shagonsa ne wurin da ake zuba abu a waya. Manoma suka riƙa zuwa suna cewa, "Injiniya, a cire min taka a sa min ta 'yar Malam." Tukur ma ya zo, ya tsaya a kansa har ya gama, ya ce, "A gaida kaka."

Wata biyu yana haɗiye wannan. Sai dabara ta zo masa. Ya buɗe cikin ta Naja'atu, ya ga aiki tsaf babu abin kushewa, ya ɗauko gaisuwarsa ya liƙa a gaba, har ya ƙara mata ambaton kakan kakansa, ya sa mata suna Sabuwar Manhajar Injiniya. Da ya gama sai tsoro ya kama shi. Ya san abin da shi zai yi da wani ne ya yi masa haka. Ya kwana biyu yana shirya hujjoji: shi ya fara, shi ya sha wahalar hanya, ita ma a nasa ta ga haske. Ya tanadi amsar kwamiti in ta ce masa kwamiti. Ya sa shaddar nan, ya hau babur zuwa Gafasa da shirin faɗa.

Ya same ta a ƙofar makaranta an tashi ɗalibai. Ya gaishe ta a tsaye, ya fara jawabi. Ta bari ya kai tsakiya ta ce, "Injiniya, ka canza mata suna?"

"Na canza."

"Ka rubuta inda ka samo?"

"Na rubuta. A ƙasa."

"To ai shi kenan. Ka raba."

"Ba za ki duba ba?"

"Me zan duba? Taka ce yanzu."

"Hannu fa? Ba za ki sa hannu ba?"

"Ai ba sai ka zo ba ma. Ka sha rana a banza. Ka shiga ku gaisa da Baba, a kawo maka ruwa."

Aka kawo masa ruwa a kwanon sha, babu sarƙa. Ya sha a zaune a kan tabarmar da ya taɓa kwana uku a kai. Malam Kabo ya tambaye shi iyali, ya tambaye shi kasuwa, bai ce masa komai a kan taurari ba. Duk hujjojin nan ya koma da su Gaya a cikinsa, ba a ba shi inda zai sauke ko ɗaya ba.

Sabuwar Manhajar Injiniya tana nan, lissafinta daidai, tunda ba shi ya yi ba. Yana tallarta ga duk wanda ya shigo shago. Mutane kan tambaya, da gaisuwa ko babu? In ya ce da gaisuwa, su ce a bar su da ta 'yar Malam. An ce wayoyin da take ciki ba su wuce uku ba: tasa, ta matarsa Hidaya wadda shi ya saya mata wayar da sharaɗin kada ta goge, da wata tsohuwar waya da ke cikin durowa.

Sunansa kuwa ya kai inda yake so. Har can ƙarshen Ajingi, mutanen da ba su san hanyar Gaya ba, in wani ya yi gaggawar shuka kafin ruwa ya zauna, sai a ce ya yi shukar Injiniya. Da labarin ya zo masa ya gyara tabarau, ya tambaya ko suna haɗawa da Mudassir ɗin, don injiniyoyi suna da yawa.